Ranar da Kaka Ta Shiga Guruf ɗin Iyaye

"…lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya ƙafa? Ya haƙuri da rashin haƙora?"

"Guda huɗun da suka rage sun ishe ni in cije ka. Shigo, ɓarawo. Ka tuɓe takalman nan a waje, kada ka kwaso min ciyawar filin da aka lallasa ku."

Koci na jin kalmar ɓarawo sai hankalinsa ya ɗan kwanta. Ya san kakarsa ciki da waje. Shekara ashirin da bakwai yana jikanta, sau biyu rak ta taɓa tarbarsa da murya mai laushi: ran da sakamakon jarrabawarsa ya fito babu kyau, da ran da babansa ya rasu. In Kaka ta ce maka "sannu da zuwa, ɗan albarka", to ka nemi bango ka jingina, mugun labari na tafe. In kuwa tun daga bakin ƙofa ta fara yi maka tatas, duniya na nan yadda ka bar ta.

Ba gaisuwa ce ta kawo shi ba, ita ma ta sani. Shi ne mai horar da 'yan ƙwallon makarantar sakandaren da ke bayan tashar mota, kuma ba gwamnati ce ta ɗauke shi ba, kwamitin iyaye ne. Su suka rataya masa usur, su ne kuma ke da ikon cirewa. Ranar Asabar ɗin da ta wuce, a wasan kusa da na ƙarshe, ya zaunar da Lamba Tara a benci, yaron da kowa ya yarda shi kaɗai ne ya san inda raga take. Aka zura musu biyu, su ko ɗaya. Tun kafin yara su cire safa, baban Lamba Tara, mai kemis ɗin bakin titi, ya faɗa guruf ɗin iyaye na waya ya kunna wuta. Kwana huɗu ana abu ɗaya. Wanda bai taɓa taka filin ba ya zama masanin ƙwallo, wadda ba ta bambanta gola da alƙalin wasa ta ce a canza koci. Yau da safe kwamiti ya zaunar da shi a ofishin shugaban makaranta, aka tambaye shi dalili sau uku, sau ukun yana cewa, "Na ga hakan ya fi." Aka ce ya tafi, za a sanar da hukunci a guruf kafin la'asar.

To malamai ba sa cikin guruf ɗin. Kaka kuwa tana ciki, don ita ke riƙon Auta, ƙanwarsa da ke aji biyar, lambarta aka rubuta a takardar makaranta. Ka ji yadda aikin farko da Koci ya taɓa riƙewa fiye da shekara guda ya koma cikin wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, wayar kuma tana ƙulle a haɓar zanen Kaka.

Ya same ta a tsakar ɗaki kan kujerar roba, fanka na juyawa a kasalance, ƙafafunta biyu tsundum cikin wata babbar tukunya da ruwan ɗumi.

"Yau ke za a dafa?"

"Ni za a dafa. Tun da mijina ya sace min bokitin gasa ƙafa, ai dole in koma tukunya."

"Ba za ki dahu ba, ko itacen garin nan duka aka haɗa."

"Kai kuwa ka dahu. Ran Asabar an dafa ka an sauke, har maƙwabta sun ji ƙamshi."

Ya zauna a bakin gado, idonsa a kan ƙullin zanen. Ta ga inda yake kallo, ta ƙara jawo ƙullin ta cusa ƙarƙashin cinyarta.

"Amarya, ara min wayarki minti ɗaya."

"Au, ni na zaci kewata ka yi. Har na shafa hoda."

"Na gani. Na ɗauka toka ce ta bule ki."

"Toka? A ina zan ga toka a gidan nan? Ba kai kake zuwa da buhu kana kwashe min ita kana zana layi a fili ba? Ko ta wanke tukunya ba ka bar min."

"Tokarki ta yi suna, Kaka. Alƙalin wasa da kansa ya ce bai taɓa ganin layi mai haske irin namu ba."

"Layin ya yi haske, masu gudu a kai ne suke cikin duhu. Tun da ka taɓo maganar, zauna da kyau. Ba waya sai mun yi lissafin ɓarna. Ina bokitina shuɗi?"

"Ya samu ci gaba. Yanzu yara ashirin da biyu ke shan ruwa a ciki. A wajenki me ya taɓa gani ban da kaushi?"

"Tsaya. A bokitin ƙafata kake shayar da 'ya'yan mutane?"

"Na wanke shi da sabulu."

"Shi ya sa suke gudu irin nawa."

Koci ya so ya daure, dariya ta ƙwace masa ta hanci. Ita kuwa ko a jikinta, ta ɗaga yatsa na biyu.

"Gidan saurona fari, sabo fil, ko sau goma ban kwana a ciki ba."

"Yana bayan gola. Ki yi alfahari da shi, ya fi golan kama ƙwallo. Ran Asabar biyu ya kama, golan ko ɗaya."

"Ni kuma sauro na nan suna walima a kaina."

"Ai su ne abin tausayi. Jiya na ga wani ya fito daga ɗakin nan yana riƙe da baki, 'yan'uwansa na yi masa sannu."

"Za ka ga riƙe baki. Murafan robobina, goma sha huɗu." Ta nuna kantar da ke jikin bango da baki. Robobin na nan jere, wata an rufe ta da faranti, wata da tsohuwar jarida, wata da hular da ba a san mai ita ba. "Sukari a buɗe, gishiri a buɗe, ganyen shayi a buɗe. Tururuwa sun mai da kantata ofis, har hutun rana suke zuwa."

"Su yara ke zagayawa da ƙwallo. A makarantun masu hali akwai wasu 'yan robobi masu tsini da ake jerawa, mu muna da naki. Jajayen ma sun fi ganuwa daga nesa."

"Igiyar shanya."

"Da ita nake auna fili."

"Filas ɗina mai fure."

"Wannan kam ya fashe. Amma ya mutu a bakin aiki."

"Allah ya jiƙansa. Ya fi ka amfani."

Ya kalli agogon bango. La'asar ta kusa. Ya matso, ya sassauta murya irin ta mai neman alfarma a bakin ofis.

"Uwargida ran gida, kyakkyawar da babu irinta a layin nan, in ba a haɗa da sauran matan ba. Don girman Allah, wayar."

"Za ka ji komai. Ai ni ma na kai ƙararka."

"Wajen wa?"

"Wajen mutum ɗari biyu da wani abu."

Sai Koci ya ji kamar fankar ta tsaya.

"Kaka, ba dai magana kika yi a guruf ba?"

"Na danna ɗan abin nan na riƙe, yadda Auta ta koya min. Minti bakwai. Har yanzu yatsana bai dawo daidai ba."

"Yaushe?"

"Da hantsi, kana can ana yi maka tambayar kabari."

Ya ɗora hannu biyu a ka. Ya tuna ran da ta je makarantarsu ta firamare don ta ba da haƙuri a kan laifin da ya yi, ta dawo an ƙara masa bulala shida.

"Me ya kai ki? Me na yi miki a duniya?"

"Kai ba ka yi min komai ba, ban da sata. Su ne suka yi min. Kwana huɗu wayar nan na ƙugi, ina dannawa ina ji. Wani ya ce wai ba ka san ƙwallo ba. Wata ta ce wai kana da son kai. Wani ya ce malalaci ne. Wannan zagi ne? Ko gishiri babu. Kuma wa ya ba su izini? Su suka wanke maka kashi? Su suka goya ka kana tsula musu fitsari a baya? Mutum ya zo da rana tsaka ya tarar da mijina ya hau zaginsa, ni ina zaune da raina? Na ce a'a, bari mai abu ta nuna musu yadda ake yi."

Ta fara kwance ƙullin. Ƙulli uku ne, kowanne ta ɗauki lokacinta, tana yi tana kallonsa ta gefen ido. Ta fito da wayar, ta goge gilashin a hannun rigarta, ta nisanta ta daga fuska, ta danna. Sai ga tari, sai ga ƙarar jan kujera, sai ga muryar Kaka ta cika ɗakin.

"Yana ɗauka? To. Salamu alaikum iyayen yara. Ni ce kakar Auta ta aji biyar, ni ce kuma kakar wannan mai wandon roban da kuke ta zagi. Kwana huɗu ina sauraronku, kun ba ni kunya, ba ku iya ba. Kun ce malalaci ne. Ina ma malalacin ne, da na huta. Mutumin da tun gari bai gama wayewa ba yake buga min ƙofa yana neman toka? Kun ce ku kore shi. Ku kore shi mana, amma kafin nan a dawo min da kayana. Ragar nan da kuke gani a bayan gola, ku matsa kusa ku duba, gidan saurona ne, akwai ɗinkin jan zare a kusurwa, ni na yi. Abin da 'ya'yanku ke zagayawa murafan robobina ne…"

"Kashe, Kaka."

"Yi shiru, ba a zo wurin mai daɗin ba."

Muryar ta ci gaba, ta bi ta kan bokiti, ta bi ta kan igiya, ta tsaya ta yi wa filas addu'a. Sannan ta ja numfashi.

"…sai man zafina. Kwalba biyu, na gwiwata. Satin da ya wuce kullum bayan an tashi makaranta sai ya kwaso min wani dogon yaro mai faffaɗan kunnuwa, ya zaunar da shi a kan tabarmata, ya yi ta murza masa idon sawu. Ƙafar ta kumbura kamar an hura. Yaron yana kuka yana cewa don Allah Koci kada ka gaya wa babana, babur ɗinsa na ɗauka ba da saninsa ba na faɗa kwata. Wannan sakaran kuma ya ce ba zan faɗa ba, amma ba za ka buga ran Asabar ba ko za ka mutu. Ni ban ce kowa ba, ban kama suna ba. Amma uban yaron ya ji tsoron Allah, don a kantinsa na sayi man zafin, ɗansa kuma ya shanye shi da ƙafa. A biya ni abina. Na gama. Yaya ake kashe…"

Saƙon ya ƙare. Koci ya rufe fuska da tafin hannu, ta tsakanin yatsu yake magana.

"Alkawari na yi wa yaron nan. Sau uku aka tambaye ni yau, na haɗiye."

"Kai ka yi alkawari. Ni da nake kwance a gado ina jin ku, wa ya zo ya ce min in yi?"

"Mun zaci barci kike."

"Ni da barci tun da aka sace min gidan sauro?"

"Kuma wai ba ki kama suna ba."

"Ban kama ba. Ka ji suna?"

"Dogo, mai kunnuwa, ubansa na sayar da magani. Saura ki ba da lambar gidansu."

"Na manta ta ne."

Ya sauke hannu. Tsoron da ya kama shi yanzu ba na aikinsa kaɗai ba ne. Ya san mai kemis, mutum ne mai saurin hannu.

"Yaron fa? Me uban ya ce?"

"Ka ga yanzu ka yi tambayar mutane. Bari ka ji. Bayan na gama, guruf ya mutu. Wayar nan da ta hana ni sakat kwana huɗu ta yi shiru har na girgiza ta, na zaci ta lalace. Can sai wannan."

Ta danna. Muryar wata mata ce, a sanyaye: "Wai don Allah da gaske ragar nan gidan sauro ce? Ni na je kallo sau biyu, na ce ragar makarantar nan akwai laushi."

Ta danna na gaba. Wani namiji, yana magana ana jin ƙarar injin a bayansa: "Jama'a, ni walda nake yi. Ɗana shekara biyu yana buga wa makarantar nan, ban taɓa tambayar da me suke atisaye ba. Na yi magana jiya, na janye ta."

"Wannan shi ne ya ce ka fi dacewa da kiwon agwagi," in ji Kaka. "Shi kaɗai ne ya ɗan yi ƙoƙari a cikinsu. Na so in riƙe kalmar."

"Mai kemis, Kaka."

"Kana da gaggawar da masu tsaron bayan ƙungiyarka ba su da ita. Ga shi."

Muryar mai kemis ta fito, ba irin wadda Koci ya sani ba. Ta dushe, kamar ya sha ruwan sanyi da mura.

"Salamu alaikum. Ni ne na fara maganar nan, ni zan rufe tawa. Na je makaranta na ɗauko yaron, na sa ya cire safa. Daga nan asibiti muka wuce, yanzu muka fito. An yi hoto, ƙashin ya tsage. Likita ya ce da ya buga wasan nan, da wataƙila ba a ƙara maganar ƙwallo da shi ba. Kwana goma yaro na ɗingishi a gidana yana ce min sabon takalmi ne, ni mai sayar da magani ban gani ba. Madubin babur ɗin ma bakanike na ɗora wa laifi, sai na je na ba shi haƙuri. Koci, in wannan ya iso gare ka, ka yafe min. Abu ɗaya zan ce, da ka kai shi asibiti tun ran farko, ko ka faɗa min a ɓoye. Amma ka tsare min ƙafar ɗana, ni kuma na tsaya ina zaginka. Yaron ban taɓa shi ba, likita ya riga ni ɗaure shi. Kaka kuma, man zafinki na nan tafe."

Koci ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, ya kwanta rigingine a gadon Kaka, hannuwa a baje, yana kallon silin. Sai yanzu ya ji yunwa, sai yanzu ya tuna tun safe bai sa komai a bakinsa ba.

"Gaskiyarsa ce maganar asibitin," ya ce a hankali. "Na zaci targaɗe ne."

"Gaskiyarsa ce. Kai da ko ciwon kai ba ka iya bambantawa da yunwa, ka zama likitan ƙashi da man gwiwar tsohuwa. Tashi min daga gado, kana warin fili."

Ya tashi zaune yana murmushi. "To kunna na ƙarshen. Na shugaban kwamiti."

Kaka ba ta danna ba. Ta juya wayar a hannunta, ta sake goge gilashin da ba shi da datti. Ta motsa ƙafa a cikin ruwan da ya riga ya huce.

"Wannan mutumin ba shi da tarbiyya," ta ce. "Kowa ya buɗe baki ya yi magana kamar ɗan'adam, shi sai ya rubuto."

Murmushin Koci ya tsaya a rabi. Ya dube ta da kyau. Kaka ba ta karanta boko. Auta kuma tana makarantar yamma, sai kusan magariba take dawowa.

"Tun yaushe ya shigo?"

"Tun bayan azahar."

"Wato ke ma ba ki san abin da ke ciki ba."

"Na san dogo ne. Na ƙirga layi tara."

"Ba ki kai wa maƙwabta sun karanta miki ba?"

"In kai musu su riga ni jin abin da ya samu mijina? In mai daɗi ne, ni zan fara ji. In marar daɗi ne…" Ta gyara ɗankwalinta. "In marar daɗi ne ma ni zan fara ji."

A nan ne ya lura da kwanon abincinta a gefen kujera, a rufe da faranti, cokali a kai a bushe. Ashe duk wannan ruwan zagin da ta tarbe shi da shi, rabi labari ne mai daɗi da ta ji, rabi kuma ƙarfin hali. Awa biyu tana zaune da saƙon a ƙulle a zane, ta kasa karantawa, ta ƙi bai wa kowa.

Ta miƙo masa wayar ba tare da ta kalle shi ba. Ya karɓa. Tsagewar gilashin ta ratsa ta tsakiyar rubutun, sai da ya karkata ta wajen taga. Ya karanta layin farko, ya karanta na biyu, ya tafi har na tara, ya dawo ya sake daga sama. Sannan ya ajiye wayar a kan gado a hankali, ya sauko ƙasa ya durƙusa a gaban tukunyar, ya sunkuyar da kai.

"Kaka," ya ce da wata murya mai laushi kamar auduga, "sannu. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Allah ya saka miki da alheri a kan duk wahalar da kika yi da mu."

Ƙafafun Kaka suka daina motsi a cikin ruwa.

"Me ka ce?"

"Na ce Allah ya ba mu ikon rama miki. Ke uwa ce, ke uba ce."

"Kai." Muryarta ta yi ƙasa. "Bar wannan. Me aka rubuta?"

"Kin ci abinci kuwa, Kakata? Bari in ɗumama miki."

"Ɗan nan, ka dube ni." Ta kamo haɓarsa da jiƙaƙƙen hannu ta ɗago. "Zage ni mana. Me ya same ka? Zage ni in ji."

Ya riƙe fuskarsa iya ƙarfinsa, daƙiƙa ɗaya, biyu, uku. A ta huɗu leɓensa ya ci amanarsa.

"Tsohuwa mai baki kamar rediyon da maɓallin kashewarsa ya karye. Minti bakwai. Ko labaran duniya ba sa kai haka."

Kaka ta lumshe ido, ta saki numfashin da ta riƙe tun azahar. Sannan ta ɗebo ruwan tukunya da hannu biyu ta watsa masa a fuska.

"La'ananne. Saura kaɗan ka kashe ni ka gaji tukunya."

"Me zan yi da ita? Ta sha ƙafa."

"Karanta min, kalma kalma, kada ka tsallake ko ɗigo."

Ya share fuska da gefen riga, ya ɗauko wayar. Kwamiti ya ce Koci zai ci gaba da aikinsa. Kwamiti ya ce daga yau duk yaron da ya ji ciwo, a sanar da iyayensa a ranar, ba sauran ɓoyo. Mai walda zai gyara sandunan raga, iyaye za su kawo raga ta gaske da sauran kayan atisaye a cikin wata mai zuwa. Duk mai ƙorafi a kan wasa ya zo fili ranar atisaye ya faɗa a gaban Koci, a daina yi a waya.

"Sai layi na tara," in ji shi. "Wai a tattara duk kayan Kaka a mayar mata da godiya, kuma ana roƙonta, in za ta sake magana a guruf, ta taimaka ta tsaya a minti biyu."

"Ƙarya kake. Kai ka ƙara wannan."

"Ga shi nan, karanta da kanki."

"Zan sa Auta ta duba. In babu, sai na yi minti goma a kanka kai kaɗai, in fara daga ranar da zakara ya kore ka har cikin banɗaki kana ihu."

"Shekarata huɗu a lokacin."

"Sha ɗaya. Ina da shaidu."

Ya jawo kwanon abincin ya buɗe, ya ɗauki cokalin. Ta buge masa hannu, ta ƙwace, ta ci loma biyu a tsaitsaye, sannan ta tura masa sauran. Ya hau ci kamar an biyo shi.

"Wato yanzu," ta ce tana tsane ƙafa da tsumma, "wata mai zuwa za a kawo kayan. Gobe fa? Akwai atisaye?"

"Akwai. Wasan neman na uku na nan ran Asabar."

"Da me za ku yi, in ka dawo min da kayana?"

"Shi nake tunani. Ko da ma murafan ba sa isa, ɗaya ya ɓata tun watan jiya."

"Sha uku ke nan. Ka ga wani laifin da ban sani ba."

"Iska ce ta ɗauke shi. Ya tafi da kyau, kamar jirgi."

Kaka ta dube shi, shinkafa a gefen baki, gashi jiƙe da ruwan ƙafarta, usur na lilo a wuya. Ta so ta haɗe rai, abin ya gagara. Dariya ta ƙwace mata, irin mai girgiza kafaɗu, har haƙoran nan huɗu suka fito gaba ɗaya, har sai da ta share ido da bakin ɗankwali.

"Ka ci ni yau," ta ce. "Wannan muryar ta ladabi, kada ka sake yi min ita sai ran da na mutu."

Ta sunkuya ta laluba ƙarƙashin kujera, ta jawo murfin babbar tukunyar, murfi na ƙarshe da ya rage a ɗakin, ta ɗora masa a cinya.

"Ungo, cika sha huɗu. Wannan iska ba ta ɗaukarsa. In aka sake cin ku ran Asabar, ka kifa shi a ka ka biyo ta bayan layi, kada a gane mijina ne."